Babi na Shida: Cinikin Yini da Hanyar Gida

Cikin sana'o'in bakin titi, da wuya a samu wadda cinikinta yake a fili kamar wankin mota. Mai shago yana da kanta da aljihun tebur, ba ka san ko sukarin naira ɗari ya sayar ko buhun shinkafa ba. Mai wankin mota kuwa, duk motar da ta hau dandamalinsa an gan ta, an ga wadda aka wanke mata jiki kawai da wadda aka buɗe mata inji, kuma kuɗin kowace irin wanki ba wanda bai sani ba a garin. Mutumin da ya zauna a bencin mai shayi a tsallaken titi tun hantsi har la'asar zai iya faɗa maka abin da ya shiga aljihun maigidan, kuskurensa ba zai wuce na mota biyu ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

A babin baya mun yi maganar ruwa da mai, abubuwa biyu da suke cinye riba. Nan kuma maganar abin da ya rage ne bayan an biya 'yan garuwa, an zuba wa janareta fetur, an sallami yara: yadda zai kwana, da yadda mai shi zai isa gida lafiya.

Mu ɗauki yankin Kankiya da Kusada. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa nan, daga Tsanyawa ta biyo Gidan Mutum Ɗaya, ta shiga Kankiya, ta wuce Caranci. Motocin haya ba sa yankewa, ga manyan motocin dabbobi da na hatsi ranakun kasuwa. Da hunturu ƙura ce take kawo ciniki, da damina kuma taɓo. Idan aka sauka daga kwalta aka nufi garuruwa irin su Sukuntuni da Rimaye, babur ya fi mota yawa, don haka mai wanki a can yawancin aikinsa na 'yan acaba ne da kurkura da motocin ɗaukar kayan gona. Kuɗin kowane wanki kaɗan ne, amma da yawa suna zuwa hannu da hannu. Ranar jajibirin Sallah kuwa, ga motoci, ga babura, ga dardumai da kafet daga gidaje, abin da ake samu a yini ɗaya yakan fi na mako guda.

Haɗarin da yake fuskantar mai wannan sana'a ba iri ɗaya ba ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai ɗan hali, wanda zai zare waya daga inda aka sa ta caji ko ya ɗauke 'yar jakar canji yana gaisawa da kai. Akwai masu ƙwace da wuƙa ko adda, irin ƙaurayen da suka addabi wasu unguwannin birnin Katsina, waɗanda suka fi son mutum shi kaɗai a lungu bayan magariba. Sai kuma ɓarayin daji. Shekarun baya ana ganin wannan masifa ta ƙananan hukumomin da suke gefen dajin Rugu ce, su Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya, da na kudu irin su Ƙanƙara da Faskari. Daga baya ta matso ciki, ta taɓa Matazu da Musawa, ta kai ga wasu ƙauyukan Kankiya. Su waɗannan cinikin yini bai dame su ba. Mutumin suke so, domin an gaya musu yana da abin da 'yan uwansa za su tara. Kuma kusan kullum wani ne ya gaya musu. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya haɗa ukun shi ne sani. Kowanne a cikinsu yana buƙatar ya san nawa ne, ina ake ajiyewa, ƙarfe nawa ake tashi, ta ina ake bi. Wanda ya hana a san waɗannan huɗun ya yi rabin aikin tsaron kansa ba tare da ya kashe sisi ba.

An taɓa gwada wannan magana a aikace. A 1975, a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wasu masu bincike biyu, Wayman Crow da James Bull, suka yi aiki da kamfanin da yake da shagunan 7-Eleven, waɗanda suke kwana a buɗe, 'yan fashi kuma suka mayar da su wurin zuwa. Dabarar da suka yi ita ce suka nemo tsofaffin 'yan fashi da suka gama zaman kurkuku, suka ce su duba shagunan su faɗi wanne za su zaɓa da me ya sa. Amsar ba ta da wuya. Ɗan fashi yana son inda kuɗi suke taruwa, inda na waje ba ya hango na ciki, inda babu haske, inda hanyar gudu take da sauƙi. Sai aka gyara wasu shagunan: aka rage kuɗin da ake bari a aljihun tebur har aka rubuta hakan a ƙofa, aka cire tallace-tallacen da suka rufe gilashi, aka ƙara fitilu, aka koya wa ma'aikata kada su yi gardama da mai makami. Fashi a waɗannan shaguna ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ba a ba kowa bindiga ba. Kalifoniya da Kankiya akwai nisa, amma lissafin ɓarawo ɗaya ne: me zan samu, wa zai gan ni, ta ina zan fita.

To, mu fara da kuɗin kansu. Mafi munin al'ada ita ce a tara cinikin yini gaba ɗaya a aljihun gaban riga, duk wanda ya biya a zaro dunƙulen a gabansa ana neman canji. Kowane direba da kowane ɗan kallo ya ga kaurinsa ke nan. Ya kamata kuɗin canji su zama daban, 'yan hamsin da ɗari da ɗari biyu, a hannun yaro ɗaya amintacce ko a ƙaramar jaka. Manyan takardu kuma da zarar sun shigo su bar wurin da ido yake kai. Fatake na da sun san wannan, shi ya sa suke ɗaura lalita a ƙugu ƙarƙashin riga, abin kashewa a hanya kuma yana aljihu.

Sannan kada kuɗi su jira dare. Mai wanki a ƙauye ba shi da reshen banki kusa, amma yanzu da wuya ka samu gari mai tasha ko kasuwa da babu mai POS. A kai kuɗi da rana, kafin azahar sau ɗaya, bayan la'asar sau ɗaya, ba a lokaci guda kullum ba, kuma ba lallai maigida da kansa ba. Na san abin da wasu za su ce: kuɗin caji. Gaskiya ne, mai POS zai cire nasa, ga kuma naira 50 da ake cirewa a kan kuɗin da ya kai 10,000. Amma a ce mutum ya biya ɗari biyu ko uku kullum har tsawon shekara, a haɗa a gani ko ya kai kuɗin ɗinkin sara ɗaya a asibiti da zaman jinyar wata biyu ba aiki. Kuɗin da suke asusu kuma suna da wata kariya da na ƙarƙashin katifa ba su da ita: tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Cinikin mai wankin mota na wata da watanni bai kai ya wuce wannan ba.

Sai dai ba zan ce wa kowa ya jingina da waya ɗari bisa ɗari ba, domin mutanen Katsina sun ga iyakarta sau biyu. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Dutsinma mai maƙwabtaka da Kankiya. Wanda duk dukiyarsa take cikin waya a waɗannan wurare sai da ya yi tafiya kafin ya taɓa ta. A farkon 2023 kuma aka ga ɗayan gefen: bayan Babban Banki ya sauya takardun 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma taransifa, na'urorin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, kuɗi su fita daga wannan asusu su ƙi shiga wancan. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris kafin tsofaffin takardu suka fara dawowa hannun mutane. Don haka a bar ɗan abin da zai sayi fetur da ruwan kwana biyu a hannu. Sauran su tafi.

Wancan lokacin ne ya koya wa direbobi da yawa biya ta waya, ya kuma buɗe wa macuta sabuwar ƙofa. Ga yadda abin yake faruwa. An gama wanke mota, an goge, mai ita ya shiga ya tayar. Ya leƙo ta taga ya ce, "Maigida, ba ni lambar asusu." Ya danna-danna, ya juyo maka da fuskar waya, ga koren rubutu. "Ka gani, ya tafi. Sabis ne, zai shigo." Wani ma har saƙon alat zai faɗo wayarka, da sunan banki da adadin kuɗi. Ka ce Allah ya kiyaye hanya. Da dare ka duba asusu, babu ko kwabo. Abin da ya nuna maka hoto ne, saƙon kuma shi ya ƙirƙira. Maganin wannan ɗaya ne: kuɗin da ba ka gani a cikin manhajar bankinka ko a injin POS ɗinka ba, ba su shigo ba, kome girman rigar mai motar. Kunya ce take sa a cuci mutane a nan. Ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan yi haƙuri in duba." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ya fi kyau ma a saba karɓar kuɗi kafin a miƙa makulli.

Wayar kuma ta zama ita ce lalitar. Wanda ya ƙwace ta ba kuɗin sayar da ita kaɗai yake nema ba. Layin da yake ciki yake so, domin da shi ake shiga asusu. Sa wa layin lambar sirri, daban da ta buɗe waya. Kada a rubuta lambar BVN ko ta katin cirar kuɗi a cikin wayar. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a kowace waya a rufe asusu nan take, ka haddace ta, ka koya wa uwargida ko ɗan'uwa ɗaya. Idan da hali, layin banki ya zauna a ƙaramar waya a gida, wadda ake kira da ita kuma ta zo wurin aiki.

Yanzu lokacin tashi, wanda shi ne mafi haɗari a duk yinin. Duba yadda aka saba yi. An kira magariba, an kashe injin feshi, yara suna naɗe tiyo suna kife bokitai. Janareta ya mutu, wurin ya yi duhu sai fitilar waya. Maigida ya zauna a kan benci ya zazzage kuɗin a cinya, wasu a jiƙe, sun manne da juna, yana ɓamɓarewa yana shimfiɗa su a gefe su sha iska. Yara sun kewaye shi kowa yana jiran nasa kason, ga abokansu biyu da suka zo rakiya, ga wani ɗan acaba da ya tsaya wai yana duba taya. An ƙirga da ƙarfi, an yi musu a kan mota nawa wane ya wanke. Yara sun watse. Maigida ya cusa sauran a aljihu, ya hau babur shi kaɗai, ya bi hanyar da yake bi kowane dare ta bayan makarantar firamare. Babu abu ɗaya da mai mugun nufi yake buƙatar sani wanda ba a nuna masa ba a wannan rabin awa.

Gyaran ba tsada. A yi lissafi da sauran haske, a cikin ɗaki ko bayan rumfa, daga maigida sai wanda yake riƙe da littafi. A rubuta kowace mota lokacin da aka wanke ta, don kada a tsaya musu da dare. A sallami yara ɗaya bayan ɗaya. Fitila mai aiki da hasken rana guda ɗaya a kan dogon ƙarfe ta wadatar da filin, ba ruwanta da janareta. Kada mutum ɗaya ya rage a wurin. A rufe tare, a tafi tare. Hanyar gida kuma a riƙa sauya ta, ko da ta fi nisa, lokacin ma ya riƙa bambanta. Motar da ta zo bayan isha'i da mutane uku ko huɗu a ciki, ba ka san ko ɗaya ba, suna cewa a taimaka a wanke da sauri, ka ba su haƙuri ruwa ya ƙare.

Maganar yara tana buƙatar adalci, domin a nan masu gida da yawa suke kuskure ta ɓangare biyu. Wani duk wanda ya zo neman aiki sai ya miƙa masa soso, bai san gidansu ba, bai san wa ya haife shi ba. Wani kuma kowane yaro ɓarawo ne a idonsa, ga zagi, ga riƙe haƙƙi. Na biyun ya fi na farko jawo wa kansa. Yaron da ya yini hannunsa cikin ruwan omo da sanyin hunturu, fatarsa ta tsattsage, aka ce masa "sai gobe" kwana uku a jere, shi ne wanda za a saya da kuɗi kaɗan ya faɗi inda maigida yake ajiya. Yawanci ma ba sayensa ake yi ba. Hira ce a majalisa, yana huce haushi, wani yana saurare. Ka ɗauki yaron da wani babba ya tsaya masa, mahaifi ko malaminsa ko mai unguwa. Ka biya shi ranar da ya yi aiki. Idan za ku rabu, ku rabu da mutunci, ka cika masa kuɗinsa, sannan ka sauya kwaɗo.

Shi ma maigidan ya kama bakinsa. A yankin da infoma suke, wato masu kai wa ɓarayin daji labari, labarin ka sayi fili ko ka ɗauki adashi ko za ka ƙara injin na biyu ya fi kuɗin da suke aljihunka haɗari. Wurin wankin mota majalisa ce. Direba yana jiran motarsa ta bushe, hira za a yi. Ka yi ta ƙwallo da farashin taki.

Akwai wata dukiyar da take wurin wadda ta fi taka yawa, kuma ba taka ba ce. Ɗan kasuwa ya dawo daga Caranci ya sayar da shanu, ya bar kuɗin a ƙarƙashin kujera ko cikin aljihun gaban mota, ya miƙa makulli ya tafi masallaci. Ko da ba a taɓa ba, idan ya dawo ya ce sun ragu, wa zai rantse maka? Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan wannan; a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su aiki suka keɓe da shi. Mota amana ce tun daga lokacin da makulli ya shiga hannunka. Saboda haka kafin a zuba ruwa, a ce wa mai ita, "Alhaji, a kwashe kuɗi da waya da takardu." A faɗa wa kowa, har wanda aka saba da shi. Makullai su zauna wurin mutum ɗaya, ba a jikin mota ba. Kuma wanda ya kawo mota shi zai ɗauka. Idan wani ya zo ya ce, "Oga ne ya aiko ni," a kira ogan a ji muryarsa. Babur ya fi saurin tafiya ta wannan hanya, don yaro ba ya tsayawa tambaya idan ya ga mutum ya zo da gadara.

Kayan aiki, wato injin feshi da janareta da famfon rijiya, su ma kuɗi ne a tsaye, musamman yadda farashinsu ya tashi tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira. Wanda za a iya ɗauka a kai shi gida ko shagon maƙwabci mai ƙofar ƙarfe. A rubuta lambar jikin kowanne a ajiye. Idan akwai mai gadi na layin, ku haɗa kuɗi da mai faci da bakanike da mai shayi ku biya shi a kan lokaci. Waɗannan maƙwabta su ne za su fara jin ihunka, kafin kowace hukuma.

Idan kuma duk da haka aka tare ka, ba su. Na faɗa a gajarce domin babu wani kwana-kwana a ciki. Kada ka yi motsi ba zato, kada ka zura hannu a aljihu ba ka faɗi abin da za ka ɗauko ba, kada ka ƙura wa fuska ido, kada ka kira sunan wanda ka gane. Wannan na ƙarshe ya jawo an kashe mutanen da da an bar su da rai. Ka lura da abin da za ka iya a sace: su nawa ne, wane irin babur, ina suka nufa. Kada ka bi su. Wasu suna ba da shawarar a ɗan ware wasu kuɗi a aljihu na sama saboda irin wannan rana, don wanda bai samu komai ba yakan huce a jikin mutum. Ina ganin shawara ce mai kyau. Masu tunanin ajiye bindigar gida a ƙarƙashin benci kuma su sani doka ta hana riƙe bindiga ba lasisi, hukuncinta ɗauri ne mai tsawo, sannan wurin da yara matasa suke yini suna faɗa a kan soso ba wurin ajiye makami ba ne.

Bayan sun tafi, a fara da rufe asusu da layin waya, sannan a kai rahoto. Mutane da yawa ba sa kaiwa, suna cewa me za a yi. Wani lokaci ba a yin komai, gaskiya ne. Amma takardar 'yan sanda ita za ka nuna wa banki, ita za ta kare ka idan kayan wani ne aka ɗauka a hannunka, kuma rahoto uku daga layi ɗaya ne yake sa a turo sintiri. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, sai dai a ƙauye lambar DPO da ta shugaban 'yan banga da ta jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 sun fi saurin amfani. A sanar da mai unguwa ko dagaci ma. Waɗannan lambobi kada su tsaya cikin wayar da za a iya ƙwacewa. A rubuta su da fenti a jikin bangon rumfa, inda kowane yaro zai gani.

Masu wanki na gari ɗaya kuma ku daina kallon juna a matsayin kishiyoyi kawai. Wanda ya yi wa na bakin tasha alat na bogi yau, gobe wurin na bakin kasuwa zai je. Ku karɓi lambar juna, ku riƙa sanar da juna irin motar da lambarta tun kafin ya iso.